Ilmin Ƙididdiga: Jagora Ga Ɗan Kasuwa Mai Shirin Jarrabawa

Babbar Kasuwar Anaca, wadda ke bakin kogin Kwara a Jihar Anambra, tana cikin kasuwanni mafiya girma a Afirka ta Yamma. Tun kafin a buɗe gadar Kwara a shekarar 1965 Hausawa ke fatauci a garin, suna kai shanu da awaki da wake da albasa da tumatir. Haka abin yake a Inugu da Fatakwal. A cikin ’ya’yan waɗannan fatake akwai samari da ’yan mata da yawa da suka gama sakandare, kasuwa ta riƙe su, amma zuciyarsu tana wajen ƙarin ilmi. Darasin da ya fi ba su tsoro shi ne ƙididdiga. Wannan ɗan littafi zai nuna cewa tsoron ba shi da tushe, ya kuma bayyana hanyar shirya wa jarrabawarsa ba tare da biyan kuɗin malami ba.

Inda Ake Bukatar Wannan Darasi

Ƙididdiga tana fitowa a takardar lissafi ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Wanda bai sami sakamako mai kyau a lissafi ba, ƙofofin manyan makarantu da yawa a rufe suke gare shi. A jami’a kuwa, masu karatun tattalin arziki da kasuwanci da aikin akanta da kimiyya duk sai sun ci darasin ƙididdiga kafin a lissafa musu shi cikin darussan da ke kai mutum ga digiri.

Ga wanda ba zai iya barin rumfarsa ba, akwai Jami’ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sa’an nan aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu a jihohi, har da Anambra da Inugu da Ribas. A tsarinta, aikin gida da ɗalibi ke yi cikin zango yana ɗaukar maki 30 daga cikin 100, jarrabawar ƙarshe kuwa maki 70.

Mene Ne Ƙididdiga?

Ƙididdiga ita ce ilmin tara alƙaluma, da tsara su, da fitar da ma’ana daga cikinsu. Da ita gwamnati ke sanin yawan jama’a, kamar a ƙidayar 2006 wadda ta nuna mutanen Nijeriya sun haura miliyan 140. Da ita kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke auna tashin farashin kaya. Amma ɗan kasuwa ma kullum yana aiki da ita, sunanta kaɗai ne bai sani ba.

A ɗauki misalin mai tumatir da ya rubuta yawan kwandunan da ya sayar cikin kwana bakwai na ciniki. In aka jera su daga ƙarami zuwa babba, ga su: 4, 6, 6, 7, 9, 10, 21.

Na farko, matsakaici. A tara su duka, a sami 63, a raba da yawan kwanakin, watau 7. Amsa ita ce 9.

Na biyu, lambar tsakiya. Ita ce wadda ta faɗo tsakiyar jerin, uku a gabanta, uku a bayanta. A nan ita ce 7. In yawan alƙaluman ya rabu biyu daidai, sai a tara biyun da ke tsakiya a raba da 2.

Na uku, lambar da ta fi maimaituwa. Ita ce 6, domin sau biyu ta fito.

Na huɗu, tazara. A cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma, watau 4 daga 21, saura 17.

To, wanne ya kamata mai tumatir ya dogara da shi? In ya bi matsakaici ya riƙa saro kwando 9 kullum, zai yi hasara, domin a kwana huɗu cikin bakwai bai sayar da 9 ba, tumatir kuwa ba ya jira. Ranar nan ɗaya da aka sayi 21 ce ta ja matsakaicin sama. In aka ware ta, sauran kwana shida jimlarsu 42 ce, matsakaicinsu 7, daidai da lambar tsakiya. Abin lura shi ne, lamba guda da ta yi fice tana karkatar da matsakaici, amma ba ta cika motsa lambar tsakiya ba. Irin wannan tambaya masu jarrabawa ke so, domin tana rarrabe wanda ya gane da wanda ya haddace.

Haka zancen samfur yake. Mai sayen wake ba ya zazzage buhu duka, ɗan kaɗan yake ɗiba ya duba. Amma in daga baki kaɗai ya ɗiba, ana iya rufe shi, don haka mai wayo yakan ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa. Wannan shi ne tushen babin samfur: kaɗan yana wakiltar mai yawa, muddin an zaɓe shi ba da son rai ba. Babin yiwuwa ma daga nan ya taso. In cikin ƙwai 100 an saba samun 5 fasassu, yiwuwar a ɗauko fasasshe ita ce 5 cikin 100, watau 1 cikin 20.

Wuraren Karatu Kyauta

Jami’ar NOUN takan sa littattafan darussanta a shafinta na intanet, kowa yana iya sauke su a wayarsa. Ga ɗalibinta, su ne tushe, domin daga cikinsu ake tsamo tambayoyi.

Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, tana da gajerun darussan bidiyo kan ƙididdiga da yiwuwa, tare da tambayoyin gwaji da ke nuna wa ɗalibi kuskurensa nan take.

OpenStax, wadda ke ƙarƙashin Jami’ar Rice a Amurka, tana ba da cikakken littafin ƙididdiga na matakin farko na jami’a, da misalai da aikace-aikace a kowane babi.

Darussan kyauta ne, amma data da kuɗi ake saye. Dabara ita ce a sauke littafi sau ɗaya ya zauna a waya, a kuma sauke bidiyo lokacin da layi ya fi araha.

Tsarin Mako Goma Sha Biyu

Mako uku na farko, a maimaita ɓangarori da kashi cikin ɗari da tsara alƙaluma cikin jadawali da zane. Wanda tushensa ya yi rauni a nan, gininsa ba zai tsaya ba. Mako uku na biyu, matsakaici da ’yan’uwansa, da awon yadda alƙaluma ke warwatsuwa. Mako uku na uku, yiwuwa da samfur. Mako uku na ƙarshe, tambayoyin shekarun baya kaɗai, da agogo a gefe.

Sa’a guda bayan Asuba, kafin a buɗe rumfa, ta fi sa’a biyar daren jarrabawa. Ranar Lahadi, da Babbar Kasuwa ke hutu, ta dace da bita tare da abokai biyu ko uku. Kallon bidiyo kawai ba karatu ba ne, tilas a ɗauki biro a warware tambaya da hannu. Tun da yake da Turanci ake jarrabawar, ya kamata ɗalibi ya keɓe littafi yana rubuta kowace kalmar darasi da ma’anarta da Hausa, da misali ɗaya daga cinikinsa.

Gargaɗi

Karatu a intanet ba ya ba mutum takardar shaidar jami’a. Wajibi ne ya yi rajista da makarantar da Hukumar Jami’o’i ta Ƙasa ta amince da ita, ya biya kuɗin da aka ƙayyade ta hanyar da makarantar ta tsara, ba ta hannun dillali ba. A guji masu tallan amsoshin jarrabawa ta waya. Yawancinsu macuta ne, kuma dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda aka kama.

Iyaye da iyayen gida da sarakunan Hausawa na Anaca da Inugu da Fatakwal suna da nasu nauyi. Yaron shagon da aka sakar wa sa’a guda kullum domin karatu, gobe shi zai riƙe littafin ciniki da kyau, ya hana hasara. Da sannu-sannu kwana nesa, amma ana isa. Wanda ya iya lissafin ribar kwando, lalle zai iya cin jarrabawar ƙididdiga in ya dage.