Idan Baki Ya Kasa, A Ba Hannu Dama: Shawarwari Shida Ga Iyalai

A gidajenmu mukan yaba wa mai zurfin ciki da haƙuri, alhali sau da yawa damuwa ce ke cinsa. Yaron da ya ga tashin hankali da matar da aka yi wa rasuwa ba lalle su iya faɗin abin da ke ransu ba, amma hannu kan fitar da shi. Tun shekarun 1940 Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila da ya yi jinyar tarin fuka, ya riƙa koya wa majinyata zane. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna ayyukan fasaha na taimakon lafiyar ƙwaƙwalwa.

1. A tanadi kaya masu sauƙi. Bayan tsohuwar kalanda, fensir, gawayi, alli da yumɓu sun wadatar. A ajiye su inda hannun yaro zai kai.

2. Kada a gyara, kada a yi dariya. In yaro ya zana bindiga ko gida yana cin wuta, kada a yage takardar. Uwa ta zauna kusa da shi ta ce, "Abba, ba ni labarin wannan." In ya yi shiru a ƙyale shi, gobe ma rana ce. Kada a ɗora masa fassarar da bai faɗa ba.

3. Manya su kama sana'ar hannu. Ɗinkin hula, saƙar faifai da zanen ƙwarya duk maimaita motsi ɗaya ne, wannan kuwa kan rage yawan tunani. Wanda bai son zanen mai rai, ga zayyana, ga dagi, ga furanni.

4. A yi tare. Maijegon da ta cika shiru, 'yar'uwarta ta ɗauki hannunta ta yi mata lalle. Ido na kan zanen, ba a kallon juna, sai magana ta fito da kanta. Mai takaba ba ta ado, don haka a kawo mata zare da allura.

5. A adana zanen da kwanan wata, domin a ga sauyi bayan makonni. Sirrin mai shi ne, kada a sa a WhatsApp ba da yardarsa ba.

6. Zane ba ya maye gurbin likita. In ƙunci ya wuce mako 2 tare da rashin barci ko ƙin abinci, a je asibiti. In mutum ya ambaci kashe kansa, a kai shi ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano da Maiduguri. A haɗa addu'a da magani, zuwa can ba abin kunya ba ne.