Kafin Ka Kafa Kwamin Wanke Hannu, Fara Duba Bangonka

Tambaya: Malam, na sayi kwamin wanke hannu na tangaran, irin wanda ake maƙalawa a bango, marar ƙafa. Na maƙwabcina bai shekara ba ya fara lilo. Yaya zan yi kada nawa ya bi sahu?

Amsa: Malam, madalla da ka tambaya tun ba a huda bango ba. Irin wannan kwami ba shi da madogara sai ƙarafa biyu da suka shiga bango, duk nauyinsa da na mai dafa shi a kansu yake. Yawancin gidajenmu kuwa da bulo mai rami aka gina su, inci 6 ko inci 9. Idan ƙarfen ya faɗa ramin bulo, abin da ke riƙe da shi bai wuce fatar bulon da filasta ba. Yau a dafa, gobe a dafa, sai ramin ya buɗe. Tangaran idan ya faɗo ya fashe, kaifinsa kamar na wuƙa ne, kuma yara da tsofaffi ne suka fi rataya a jikinsa.

Saboda haka ka fara da bango. Idan ba a sa tayil ba tukuna, a fasa bulon daidai inda ƙarafan za su zauna, a cika ramin da kankare, a ba shi kamar mako guda ya yi ƙarfi. Idan an riga an sa tayil, gara a cire ɗaya ko biyu a yi wannan aikin, ko a ƙara ƙarafan tallafi a ƙarƙashin kwamin. Bangon laka kuwa ko na katako marar kauri, kada ka yarda a rataya masa komai. Ka nemi mai ƙafa.

Sai awo. Daga ƙasa zuwa leɓen kwamin ya kama santimita 80 zuwa 85. A ɗora lebur a ja layi, a riƙe kwamin a jikin bango a yi alamar ramukansa biyu. Kafin huda, a tabbatar ba bututun ruwa ko wayar lantarki a wurin. A manna tef a kan tayil don kada bakin injin huda ya zame, a huda a hankali ba tare da kunna bugun injin ba har sai an wuce tayil.

A ɗaura kan famfo da magudanar ruwa tun kwamin yana ƙasa, ya fi sauƙi. Bayan an rataya kwamin a kan ƙarafan, wajen ɗaure noti, a sa washa ta roba tsakaninsa da tangaran, a riƙa ɗaure dama da hagu kaɗan-kaɗan. Da zarar kwamin ya daina motsi a tsaya, domin ɗaurin da ya wuce kima shi ke tsaga tangaran.

Kada mai aikin famfo ya ce maka lanƙwasasshen bututun nan na ƙasa ba dole ba ne. Ruwan da ke kwana a cikinsa shi ke tare warin sokawe da kyankyasai. A kuma sa makullin ruwa a bango, don ranar gyara kada a rufe wa gida duka. A ƙarshe a shafa silikon tsakanin kwamin da bango, a bar shi awa 24. Sannan a cika kwamin da ruwa, a saki ruwan, a shafa busasshen hannu a kowace mahaɗa a ji ko akwai yoyo.

Abu na ƙarshe, ina roƙonka da shi: ka hana mutanen gida ɗora ƙafa a kai lokacin alwala. Ka sa musu famfo na ƙasa a gefe, mai tsayin gwiwa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi zai tsare maka kwamin, ya tsare ƙafafun iyalinka.