Darasi na Goma Sha Biyu: Rigar da Ke Ɗauke da Saƙo

Ya ku ɗalibai, babu shakka kun san anko. Idan za a yi biki a Nukkai ko wata unguwa ta Jalingo, iyayen biki sukan fitar da atamfa iri ɗaya, dangi da abokan arziki su saya su ɗinka. Wani lokaci akan ɗora ɗan abu a kan kuɗin atamfar, ribar ta zama gudunmawa ga masu hidima. Ranar biki kuwa, da ganin tufafin mutum an san yana tare da su. Ashe ke nan anko aiki biyu yake yi: tara kuɗi da nuna zumunci. Yau za ku ga yadda ake amfani da wannan dabara wajen yaƙi da sankarar mama.

Mece ce sankarar mama?

Jikin ɗan Adam ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda suke hayayyafa bisa tsari. Idan wasunsu a cikin mama suka shiga hayayyafa babu ƙaidi, sai su dunƙule su zama ƙari. In an yi sakaci, cutar takan bazu zuwa hammata, da ƙashi, da huhu, da hanta. Wannan ciwo ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 an gano shi a jikin mata wajen miliyan 2.3, ya kuma yi ajalin kimanin 670,000. A Nijeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata. Maza ma yakan kama su, amma ba safai ba.

Daga cikin alamominsa akwai ƙululu a mama ko hammata, wanda sau da yawa ba ya zafi. Akwai canjin girma ko siffar mama, da lotsawar fata, da shigewar kan nono ciki, da fitar jini daga gare shi. Ba kowane ƙululu ne sankara ba, amma likita ne kaɗai zai tantance. Babbar matsalarmu ita ce jinkiri. Kunya da tsoro da rashin kuɗi sukan sa mace ta yi shiru har ciwo ya ci jiki, alhali kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda tufafi suka shiga yaƙin

Tun 1985 aka keɓe watan Oktoba a Amurka domin wayar da kai game da cutar, daga baya sauran ƙasashe suka bi sahu. A farkon shekarun 1990 ɗan ƙyalle mai launin ruwan hoda ya zama alamarta. A 1990 cutar ta kashe Nina Hyde, wata 'yar jarida mai rubutu kan tufafi. Abokinta Ralph Lauren, shahararren mai zana kayan sawa, ya zaburar da abokan sana'arsa, a 1994 suka fitar da riga mai tambari na musamman, aka riƙa sayarwa ana zuba ribar a aikin yaƙi da cutar.

A gida Nijeriya, Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita kanta ta warke daga ciwon, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997. Haka nan Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa gidauniyar Medicaid, wadda takan shirya tattaki a Abuja a watan Oktoba, mahalarta sanye da riguna iri ɗaya. Duk wanda ya ga jerin gwanon sai ya tambayi dalili, daga tambayar nan kuma ilimi yake farawa.

Me kuɗin yake yi?

Mace daga Nukkai za ta iya fara zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Jalingo. Idan aikin ya buƙaci na'urori na musamman, akan tura majiyyaci wani babban asibiti mai nisa, kamar na koyarwa da ke Gombe ko Zariya. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga gwaji, ga tiyata da magani. A nan ne gudunmawar jama'a take da amfani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari mu yi misali. A ce ƙungiyar makarantarku ta buga riga 100, kowace a kan naira 3,000, ta sayar a kan naira 4,000. Riba ta kama naira 100,000. Amma wannan kuɗi amana ne. Wajibi ne a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma sanar da masu saye inda ribar ta tafi. Ku ma kafin ku sayi irin wannan riga, ku tambaya: nawa ne zai kai ga marasa lafiya, kuma ta hannun wa?

A ƙarshe ku sani, riga ba ta warkar da kowa. Aikinta ya cika ne ranar da ta sa wata uwa ko yaya ta daina ɓoye ciwonta, ta tafi asibiti da wuri.

Sababbin kalmomi

Anko: tufafi iri ɗaya da ake sawa a biki.
Ƙari: kumburin da ke tsirowa a cikin jiki.
Ƙaidi: iyaka.
Sammu: cutar da mutum ta hanyar asiri.
Tattaki: doguwar tafiya a ƙafa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka biyu anko yake yi?
2. Kawo alamomi uku na sankarar mama.
3. Me yake sa wasu mata jinkirin zuwa asibiti?
4. Wace tambaya ta kamata a yi kafin a sayi rigar gudunmawa?
5. Bayyana ma'anar karin magana biyu da suka zo a darasin.

Aikin gida

Tsara gajeren saƙo da bai wuce kalma goma ba, wanda ya dace a buga a jikin riga, sannan ka karanta wa mahaifiyarka ko yayarka.