Abin Da Ya Tokare Mini Maƙogwaro

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, bari in ba ku labarin inda nawa ɗakin ya yi yoyo, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Bara, saura kamar wata ɗaya a fara jarrabawar ƙarshen shekara, na wayi gari ina jin wani abu ya tokare mini maƙogwaro, kamar lomar tuwo ta tsaya ta ƙi wucewa. Na sha ruwa, na yi kaki, na yi gyaran murya, duk a banza. Da fari na zaci ƙayar kifi ce, amma ita ƙaya suka take yi, wannan kuwa ba zafi ba ciwo. Abin mamaki, in ina cin abinci sai in neme shi in rasa. Da na zauna shiru na haɗiyi yawu, sai ga shi ya dawo. Na ɓoye wa kowa. Dare ya yi, abokai na minshari, ni kuwa ido biyu, ina tunanin ko ciwon daji ne.

Da aka yi hutu na koma gida na faɗa. Nan fa kowa ya kawo tasa. Wata maƙwabciyarmu ta ce an ba ni wani abu ne a abinci. Kakata ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami da sassafe ya cire. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Iya, ki yi haƙuri likita ya fara dubawa tukuna. Abin da aka yanke ba ya komawa."

Aka kai ni wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya tambaye ni ko abinci na maƙale mini, ko ina ramewa, ko muryata ta dushe. Na ce a'a. Ya lalube wuyana, sa'an nan ya zura wata siririyar roba mai fitila ta hancina ya leƙa ciki. Da ya gama ya ce, "Ɗana, babu kome a maƙogwaronka. Amma ba ƙarya kake yi ba, abin da kake ji gaskiya ne."

Ga abin da na koya daga bakinsa da kuma littattafai. Likitoci suna kiran wannan abu "globus", kalmar Latin ce mai nufin dunƙule. Likitocin Girka sun san shi tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ba kuma baƙon abu ba ne: wani bincike da aka buga a 1982 kan mutane masu lafiya a Ingila ya nuna wajen 45 cikin 100 sun taɓa jinsa.

A wuyan mutum akwai hanya biyu, ta iska a gaba, ta abinci a baya. A bakin hanyar abinci akwai wata tsoka da ta kewaye shi kamar zariyar wando. A tsuke take kullum, sai za a haɗiyi abu take saki. Idan ta ɗaure fiye da kima, ko fatar wurin ta sami damuwa, sai mutum ya ji kamar an ajiye masa dunƙule. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka. Na farko, ruwan ciki mai tsami da ke tasowa sama, wanda kan zo da ƙwannafi, wani lokaci kuma ba tare da shi ba. Na biyu, damuwa da fargaba; ai ko wanda ya danne kuka yakan ji abu ya tokare shi. Na uku, majinar da ke gangarowa daga hanci, musamman lokacin mura da ƙurar hunturu. Yawan kaki da haɗiyar yawu don a gwada ko yana nan, su ke ƙara hura wutar.

Da na duba kaina sai na ga ni na sayi abin da kuɗina. Fargabar jarrabawa, goro da shayi don karatun dare, ga gari da ƙuli da yaji in ci in bi lafiyar gado nan take. Likita ya ce in bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, in rage yaji da soye-soye da goro, in ɗaga wajen kan gadona kaɗan, in kuma kurɓi ruwa duk sa'ad da na ji zan yi kaki. Ya ba ni maganin rage tsamin ciki. Bai tafi rana ɗaya ba, amma kafin wata biyu na manta da shi.

Sai dai a kula, ba kowane tokarewa ne wannan ba. Idan abinci ko ruwa na maƙalewa da gaske, ko haɗiya na zafi, ko mutum na ramewa, ko murya ta dushe fiye da mako uku, ko ƙulli ya fito a wuya, ko jini na fita cikin kaki, to a garzaya asibiti ba jinkiri, balle ga manya masu shan taba. Wanda kuwa ya haɗiyi ƙaya ko ƙashi, ko numfashinsa ke sarƙewa, ranar ce ranar zuwa asibiti.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo cikin ladabi: beli halitta ce, kowa da nasa, kuma yanke shi ba ya maganin wannan. Aska na iya jawo zubar jini mai yawa, in kuma ba a tsabtace ta ba ta ɗauko ciwon hanta daga wani. Ku kuma 'yan'uwana, kada ku yi irin wautata. Makonnin da na kwashe ina ɓoyo sun fi ciwon kansa wahalar da ni. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon zai ɓoye shi.

Kakata dai har yau takan ce addu'arta ce ta yi aiki. Ni kuwa ban musa ba. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.