Fenti Shi Ne Ƙarshe: Nasiha Ga Masu Son Tayar Da Tsohuwar Land Rover



Na lura wasunku sun fara sa ido kan tsofaffin motocin shiga daji da ke jibge a bayan gidaje da garejoji, daga nan Dutse har Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Wani ya ga Land Rover ɗin kakansa ta shekara da shekaru a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a cikinta, sai zuciya ta raya masa ya tayar da ita. Niyya ce mai kyau, Allah Ya sa albarka. Amma kafin ku ɗauki sifana, ku ba ni aron hankalinku.

A Ingila aka fara ƙera Land Rover a 1948, samfurin Series III kuwa an yi shi daga 1971 zuwa 1985. Irinta ce motar rangadin hakimai da malaman gona da ma'aikatan lafiya tun muna cikin Jihar Kano, kafin a ba mu Jigawa a 1991. Da rani ta keta rairayi, da damina ta ratsa taɓon fadamun Kogin Haɗeja wajen Miga da Ringim. Motar da ta sha wannan wahala tana da ciwon da ido ba ya gani.

Farko dai, ku tabbatar da halaccinta. In ta gado ce, a zauna da magada a daidaita, kada ka gama zuba dukiyarka wani ya ce da rabonsa a ciki. In saye za ka yi, duba lambar shasi ta dace da ta takardu.

Daga nan sai ka shiga ƙarƙashinta. Yawancin bodinta na gorar ruwa ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take ruɗin mai saye. Shasin da ke ɗauke da ita kuwa ƙarfe ne. Lakar fadama takan maƙale a cikinsa ta riƙe danshi, tsatsa ta cinye shi ta ciki. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa, musamman ƙarfen da ya gitta ta baya, da inda sifirin ya kama, da inda direba ke aje ƙafa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa rau, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ko guduma ta faɗa. In ɓarnar ta yi yawa, kira gwanin walda ya gaya maka gaskiya tun ba ka kashe ko sisi ba.

Na san abin da ke ranku: a sa batir a murɗa makulli a ji kukanta. Ku yi haƙuri. Injin da ya daɗe a kwance ya bushe. A zubar da tsohon baƙin mai, a sauke tanki a wanke, a buɗe kafireta, domin tsohon fetur yakan zama danƙo ya toshe ta. A cire filogi, a ɗiga mai kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu. A sake robobin lagireto da zafin ƙasarmu ya busar, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓeraye ba su bar su ba. Mai gaggawa a nan yakan karya ringi ko ya ƙona motar tun ba ta motsa ba.

Ko injin ya tashi, kada ta fita ƙofar gida sai birki ya kama. Man birki yana shan danshi, robobinsa suna mutuwa. A canza su duka. Motar da ba ta tashi ba asarar kuɗi ce kawai, wadda ba ta tsayawa kuwa rai take ɗauka, kuma unguwanninmu cike suke da yara.

Ku kula da naku ran ma. Ƙasarmu yashi ce, jak yakan nutse ko ya goce. A sa faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, a tokare motar da kututture mai ƙwari, ban da bulon siminti, don farfashewa yake yi ba sallama. Kada a wanke kaya da fetur kusa da murhu, kada kuma a kai wutar walda kan tanki ko da an ce babu komai a ciki, tururin ne ke fashewa. Mu mutanen Jigawa ba sai an gaya mana sharrin fetur ba, bayan fashewar tankar mai da ta faru a Majiya a Oktoban 2024. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kayan gyara sai an dangana da Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Tafi da tsohon a hannunka ka gwada, kada ka dogara da "ai iri ɗaya ne". Yawancin notinta awon inci ne, sifanar milimita sai ta cinye masa kai. Duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa da wayarka, ka zuba notinsa a leda ka rubuta inda ya fito. Sannan ku nemi tsofaffin makanikai da suka yi ƙuruciya a kan waɗannan motoci. Ku je ku gaishe su da ladabi, ku biya su haƙƙinsu. Matambayi ba ya ɓata.

Batun kuɗi kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san halin da ake ciki, motar kuma mashayiya ce. A gyara ta da rarar aljihu. Kada a taɓa cefane ko kuɗin makarantar yara. In aikin ya ci shekara biyu, ba abin kunya ba ne.

Ranar da ta hau hanya, ku san rawayan maballi na haɗa tayoyi huɗu ne, jan sanda kuma na ƙaramar giya ne. Na yashi da taɓo ne, a kan kwalta sai su gajiyar da giya da aksul. In kun ratsa ruwa, ku wanke ƙarƙashinta, ku duba man aksul. In ya yi fari, ruwa ya shiga.

Bayan duk wannan sai a yi maganar fenti. Wanda ya fara da shi mutane yake yi wa gyara, wanda ya fara da shasi da birki shi ke iya ɗaukar iyalinsa hankali kwance. Ku bi aikin daki-daki, ko da maƙwabta na tambayar yaushe za ta tashi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a gida da hanya.