Darasi na 23: Mata masu jifan guduma

Idan gero ya fara nuna a gonakin Dakoro da Kornaka, korar tsuntsaye aikin yara ne. Kowa ya san majajjawa. Yaro yakan sa tsakuwa a ciki, ya juya ta bisa kansa sau uku ko huɗu, sa'annan ya saki igiya guda. Sai tsakuwa ta tafi can nesa, inda hannu kaɗai ba zai kai ta ba.

Akwai wani wasa na duniya mai kama da wannan. Sunansa jifan guduma. Da faransanci ana ce masa lancer du marteau. Maza na yin sa, mata ma na yi. Yau labarin mata za mu karanta.

Wace irin guduma ce?

Ba irin ta maƙeri ba ce, ko da yake daga can sunan ya fito. A da, mutanen Sikotlan da na Ailan guduma ta gaske mai ƙotar icce suke jifa a wajen bukukuwansu. Ta yanzu dunƙulen ƙarfe ne, mulmulalle. An ɗaura masa wayar ƙarfe, a ƙarshen wayar kuma akwai mariƙi. Gudumar mata kilo 4 gare ta, wato nauyin ruwa litir 4. Tsawonta duka ba ya wuce santimetir 119 da rabi. Ta maza ta fi nauyi: kilo 7 da garam 260.

Mai jifa tana tsayawa cikin wani da'ira na siminti, faɗinsa metir 2 da santimetir 13 da rabi. An kewaye da'irar da dogon keji na raga, an bar ƙofa guda ta wajen fili. Ba don ado aka yi kejin ba. Ƙarfe mai kilo 4 in ya kuɓuce ya sami mutum, yana iya kashe shi.

Yadda ake jifa

Da farko takan ba fili baya. Ta riƙe mariƙi da hannu biyu, hannun hagu cikin safar fata don kada yatsunta su yanke. Ta juya guduma bisa kanta kamar sau biyu, ƙafafunta na tsaye. Daga nan ita kanta ta shiga juyawa, bisa diddige da tsinin ƙafa, sau uku ko huɗu. Kowane juyi ya fi na baya sauri. Guduma na jan ta waje, ita kuwa tana jan guduma ciki, ta ɗan zauna kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. A juyi na ƙarshe sai ta miƙe, ta saki.

Me ya sa guduma ke tafiya nesa haka? Ku tuna majajjawa. Muddin kana riƙe da igiya, tsakuwa kewayawa take yi. Da ka saki, sai ta miƙe da saurin da ta tara. Saboda haka sauri shi ne gaba da kome. Wadda ta jefa metir 80, gudumarta ta bar hannu da gudun wajen kilometir 100 a awa, kamar mota bisa kwalta. Bayan sauri sai tashi. In ta tashi sama ƙwarai, kusa za ta faɗi. In ta bi ƙasa-ƙasa, ba ta daɗewa cikin iska. Gwanaye suna sakinta tsaka-tsaki, wajen digiri 40.

Ƙarfi kaɗai ba ya isa. Ƙato wanda bai koya ba, a juyi na biyu jiri zai ɗebe shi, guduma ta kayar da shi.

Dokokin gasa

A zagayen ƙarshe na babbar gasa mata 12 ke shiga. Kowace tana jifa sau uku. Waɗanda suka fi nisa a ƙara masu jifa. Jifa guda mafi nisa ake lissafawa, ba a haɗa su. Guduma sai ta faɗi tsakanin layi biyu farare da aka ja cikin fili. In ta faɗi waje, ko mai jifa ta taka bayan da'ira, alƙali ya ɗaga jar tuta, jifan ya lalace. Kuma ba ta fita sai guduma ta taɓa ƙasa, ta bayan da'ira za ta fita. Wadda ta ɓata ukun farko, sai ta koma gida hannu banza, ko da ta shekara tana shiri.

Shekara ɗari ta jira

Maza sun fara jifan guduma a wasannin Olimfik tun 1900, a birnin Paris. Mata ba a ba su wuri ba sai a shekarar 2000, a Sidni. Ku lissafa tsakani. An daɗe ana cewa wasan ya fi ƙarfin mace. Wanda ya taɓa ganin macen ƙauye ta daka gero tun asuba, ta ɗauko ruwa daga rijiya, ba zai yarda da wannan magana da sauri ba.

A gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle da jife-jife, an fara na mata a 1999, a birnin Seville na ƙasar Sifen. Mihaela Melinte ta ƙasar Romaniya ta ci, da metir 75 da santimetir 20. A Sidni kuwa wata yarinya ce ƴar ƙasar Polan ta ɗauki lambar zinariya. Sunanta Kamila Skolimowska, shekarunta 17 kacal. Ta jefa metir 71 da santimetir 16.

Safar Kamila

Kamila ba ta yi tsawon rai ba. A watan Fabrairu na 2009, tana wajen horo a ƙasar Fotugal, ta yanke jiki ta faɗi, ta rasu. Jini ne ya daskare ya toshe mata jijiyar huhu. Tana da shekara 26.

Tana da wata ƙawa, ita ma ƴar Polan, Anita Wlodarczyk. Sunan da wuyar faɗi, mu dai mu kira ta Anita. Wata shida bayan rasuwar, aka yi gasar duniya a Barlin, babban birnin Jamus. A jifa na biyu Anita ta kai metir 77 da santimetir 96. Babu macen da ta taɓa kai nan. Don murna ta dinga tsalle, sai ta gurɗe a idon ƙafa. Ba ta ƙara wani jifa na kirki ba a ran nan. Ta zauna tana kallon sauran suna ƙoƙari. Babu wadda ta kamo ta, ta ci gasa da ƙafa ɗaure.

Daga baya Anita ta riƙa sa safar hannun Kamila a manyan gasa. A 2015 ta zama mace ta farko da ta wuce metir 80. Ran 28 ga Agusta 2016, a birnin Warso, wajen wasan da ake yi don tunawa da Kamila, ta jefa metir 82 da santimetir 98. Filin ƙwallo wajen metir 100 ne. Ku duba, saura kaɗan guduma ta kai daga wannan raga zuwa waccan. Anita ta ci gasar duniya sau huɗu, ta ci Olimfik sau uku. Zinariyar farko, ta Landan 2012, sai bayan shekaru ta zo hannunta, da aka gane wadda ta zo ta ɗaya ta sha maganin ƙara ƙarfi, aka karɓe mata.

Amma girma na zuwa ga kowa. A Paris, a 2024, Anita tana da shekara 39 saura kwana biyu, ta zo ta huɗu. Tsakaninta da ta uku santimetir 4. Ku auna shi bisa ƙaramin yatsanku.

A nan Afirka fa?

Akwai gwanaye a maƙwabtanmu. Amy Sène ta Senegal ta ci gasar Afirka a 2010, ta sake ci a 2012 a Porto-Novo, ƙasar Benin. Laëtitia Bambara ta Burkina Faso ta ci a 2014. Sade Olatoye ta Najeriya ta ci a 2022. A ƙasarmu kuwa, lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da faransanci, a watan Disamba na 2005, baƙi daga ƙasashe da yawa sun yi gudu da tsalle da jifa a Yamai, cikin filin wasa na Janar Seini Kunce.

Labarin Annette Echikunwoke ya kamata mu tsaya a kansa. A Amurka aka haife ta, iyayenta ƴan Najeriya ne. Ta zaɓi ta yi wa ƙasar iyayenta wasa. A 2021 ta jefa metir 75 da santimetir 49, abin da wata ƴar Afirka ba ta taɓa yi ba. Ta tafi Tokiyo wajen Olimfik da sa rai. Can aka gaya mata ba za ta shiga ba, ita da wasu ƴan wasan Najeriya tara. Ba su sha kome ba. Doka ta ce sai an yi masu awon jini da fitsari wani adadi kafin gasa, masu kula da su kuwa ba su cika adadin ba. Bayan haka Annette ta koma yi wa Amurka wasa. A Paris, a 2024, ta zo ta biyu da metir 75 da santimetir 48. Lambar azurfa ta tafi Amurka.

Tokiyo, 2025

Wadda ta ci a Paris ita ce Camryn Rogers ta Kanada. Ta fara riƙe guduma tana da shekara 12, sa'ar waɗansunku. Ta ci gasar duniya a Budapest a 2023. Ran 15 ga Satumba 2025, a Tokiyo, ta sake ci da metir 80 da santimetir 51. In ban da Anita, babu macen da ta taɓa kai nan kafin ran nan. Ta biyu da ta uku duk ƴan ƙasar Sin ne: Zhao Jie, metir 77 da santimetir 60, da Zhang Jiale, ƴar shekara 18, metir 77 da santimetir 10.

Ma'anar kalmomi

Da'ira: zane mai kewaye, kamar bakin ƙwarya.
Mariƙi: wurin da ake riƙe abu.
Gurɗewa: jin ciwo a gaɓa ba tare da ƙashi ya karye ba.
Horo: koyon wasa da maimaita shi kullum.

Tambayoyi

1. Ta ina jifan guduma ya yi kama da majajjawa? Ta ina suka bambanta?
2. Don me ake kewaye da'ira da keji?
3. Faɗi abu biyu da ke ɓata jifa.
4. Me ya hana Annette shiga gasa a Tokiyo? A ganinka laifin wa ne?
5. Waɗanne wasanni ne ƴan mata ke yi a garinku? Akwai wanda ake hana su? Ku tattauna.

Lissafi

1. Gudumar maza ta fi ta mata nauyi da nawa?
2. Cire jifan Camryn na Tokiyo daga jifan Anita na Warso.
3. Mene ne bambanci tsakanin jifan Annette na 2021 da na 2024?

Aikin fili

Ku auna metir 83 a filin makaranta da igiya mai metir 10. Ku kafa icce a farko da ƙarshe, ku tsaya ku duba nisan. Sa'annan ku dunƙula tsumma, ku ɗaura masa igiya mai metir 1, ku ja da'ira bisa rairayi. Ku yi jifa ɗaya bayan ɗaya, mata da maza, a gaban malam. Sauran su tsaya nesa, kuma kada kowa ya shiga fili sai malam ya ce. Kada ku ɗaura dutse ko ƙarfe. Kowa ya rubuta nisan jifansa cikin littafinsa.