Allurar Rigakafi ga Mai Ɗauke da HIV: Wacce Za a Yi, Wacce Za a Jinkirta

"Garkuwar jikina ta riga ta yi rauni, allurar ba za ta tayar mini da ciwo ba?" Wannan tambaya ce ke hana masu shan maganin HIV da yawa zuwa rigakafi, alhali sun fi kowa bukatarsa.

Yawancin alluran ba su ɗauke da ƙwayar cuta mai rai. Ta ciwon hanta nau'in B, ta sanƙarau, ta mashaƙo da ta HPV duk haka suke, ba su da abin da za su tayar. Illa dai jikin da garkuwarsa ta faɗi ba ya amsa allura sosai, shi ya sa likita kan ƙara yawanta, ko ya maimaita bayan magani ya kama jiki.

Inda ake taka-tsantsan shi ne alluran da aka yi da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana, irin ta zazzaɓin shawara, ta ƙyanda da BCG ta tarin fuka. Ma'auni a nan gwajin CD4 ne, wato gwajin ƙarfin garkuwar jiki. Babban mutum da CD4 ɗinsa ya kai 200 ko ya haura, kuma ba ya fama da rashin lafiya, za a iya yi masa ta shawara. Idan bai kai ba, a dakata.

Wannan ya fi shafar maniyyata, domin Saudiyya na neman shaidar rigakafin sanƙarau da na shawara daga mai tahowa daga Nijeriya. Maniyyaci kan samu kansa a layin allura tare da maƙwabci ko abokin sallarsa, wa zai buɗe baki a nan ya faɗi sirrinsa? Ban ga laifinsa ba. Amma shirun na iya sa a yi masa allurar da ba ta dace da shi ba. Ɗan'uwa, ka fara biyawa ta asibitin da kake karɓar magani, ko na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, tun da sauran watanni. A duba CD4 ɗinka, a gaya maka matsayinka a keɓe.

Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma hanyoyin ɗaukarsa ɗaya ne da na HIV. A fara da gwaji. Wanda ba shi da shi ya yi allurar, aƙalla sau 3. Wanda aka same shi da shi kuwa ya sani cewa tenofovir da lamivudine da ke cikin ƙwayar da yake sha kullum suna danne ciwon hantar ma, kuma yanke magani na iya sa ya taso da ƙarfi.

Ga iyaye mata: a Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, wadda ke kare su daga sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai HIV ta ninka sauran mata har sau 6 wajen haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa. Sauran yara allura ɗaya ake musu, amma yarinya mai HIV tana bukatar aƙalla 2, in da hali 3. 'Yar'uwa, ma'aikaciyar da ke yin allura a makaranta ba ta san wannan game da 'yarki ba, ke za ki nemi cikon a asibiti.

Jaririn da uwarsa ke da HIV, in lafiyarsa ƙalau, ana yi masa BCG da sauran alluran jarirai kamar kowa. In gwaji ya riga ya nuna yana ɗauke da ƙwayar, sai a jinkirta BCG har ya fara magani ya murmure. Ta ƙyanda kuma likita na iya ƙara masa guda a wata 6, kafin ta wata 9. Ki riƙa haɗa katin rigakafinsa da naki na karɓar magani duk ranar zuwa asibiti.